YADDA MUKA HAƊA ƘARAMIN ALLON DA KE SADA KWAMFUTA DA AISI



Zangon da ya wuce ni na ƙona aisin ƙungiyarmu ta JETS. Waɗanda suke ɗakin ranar sun ji ƙauri. Wayoyi biyu kawai na juya, na sa ta wuta a gurbin ta ƙasa, sai ga aisin ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa. Guda biyu muka saya da kuɗin karo-karo, yanzu saura ɗaya, kuma da shi za mu yi ƙararrawar da za ta riƙa sanar da cikar tankin ruwa a baje kolin ƙarshen zango. Wannan ne ya sa muka zauna muka tsara allon da zan yi muku bayani.

Aisin namu sunansa ATmega328P, mai ƙafa 28. Shi ne ƙwaƙwalwar Arduino Uno, shi kuwa Arduino an faro shi ne a garin Ivrea na ƙasar Italiya a 2005 domin ɗalibai. Aisin shi kaɗai ya fi cikakken Arduino sauƙin kuɗi, shi ya sa muke soka shi a allon gwaji, wato farin robar nan mai ramuka da ake haɗa kaya a kai ba tare da dalma ba. Matsalar ita ce aisin ba ya jin yaren USB. Dole a samo masa tafinta tsakaninsa da kwamfuta. Tafintan da muka samu ɗan ƙaramin allo ne mai ɗauke da CH340, wanda kamfanin WCH na birnin Nanjing a ƙasar Sin yake ƙerawa.

Yaren da aisin yake ji ana ce masa siriyal, ma'ana saƙo yana tafiya ɗaya bayan ɗaya a waya guda, kamar yadda muke bin layi mu shiga aji bayan asambili. Harafin A a wurin kwamfuta lamba 65 ne, ana rubuta shi 01000001. Sai a ƙara alamar farawa a gaba da ta tsayawa a baya, su zama goma. Idan gudun 9600 aka zaɓa, haruffa 960 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Amma sai ɓangarorin biyu sun yarda da gudu ɗaya, in ba haka ba shirme za ka gani a fuskar kwamfuta.

Abin da ya fi rikita mu shi ne TX da RX. TX baki ne, RX kunne ne. Da farko na ɗauka TX da TX za a haɗa tunda sunansu ɗaya. Malaminmu na Fasaha ya ce, "Kai in za ka yi wa abokinka raɗa, a bakinsa kake yi?" Tun daga ranar ban sake mantawa ba. Bakin tafinta zai je kunnen aisi, bakin aisi kuma ya je kunnen tafinta. Sannan dole a haɗa GND ɗinsu, domin daga nan kowa yake auna ƙarfin wutarsa.

To, wayoyi biyar ne ke fita daga tafinta zuwa allon gwaji duk lokacin da za mu yi aiki, kuma kowace rana wani ne yake haɗa su. Sai muka ce me zai hana mu liƙe su sau ɗaya a huta?

Mun fara da takarda mai gida-gida ta lissafi. Kowane gida ya zama rami ɗaya, domin tazarar ramukan allon gwaji milimita 2.54 ce, daidai da tazarar ƙafafun aisin. Da muka jera ƙafafun gefen hagu sai muka ga abin daɗi: ta 1 ita ce ta sake farawa, ta 2 RX, ta 3 TX, ta 7 wuta, ta 8 ƙasa. Ashe duk abin da muke buƙata yana cikin ƙafafu takwas na farko. Sai muka yanko allon Vero mai tsawon rami takwas, muka sa masa alluran soki a ƙasa, muka zare na 4 da na 5 da na 6 tunda ba ruwansu da wannan aiki. A sama muka sa soket mai baki shida inda tafinta zai zauna. Juyin TX da RX a bayan allon muka yi shi da gajerun wayoyi. Yanzu soka shi kawai za ka yi a gefen aisin.

Akwai ƙananan kaya uku a kai. Kafasito mai 100nF tsakanin DTR da ƙafa ta 1, shi ke taɓa aisin ya farka ya karɓi sabon shiri. Rasisto mai 10k daga ƙafa ta 1 zuwa wuta, don kada ya riƙa sake farawa haka kawai. Sai wani kafasiton mai 100nF tsakanin wuta da ƙasa. In za ku sayi tafinta ku duba da kyau, wasu ba su fito da ƙafar DTR waje ba. Kuma allon namu bai ɗauke muku haɗa ƙafa ta 20 da wuta da ta 22 da ƙasa ba, haka kiristal mai 16MHz a ƙafa ta 9 da ta 10.

Dalma kam ta ba ni wahala. Ranar Asabar na taka daga Ƙauyen Alu zuwa Farm Centre wajen kawuna mai gyaran waya. Ya kalli abin da na liƙa ya yi dariya, ya ce na zuba dalma kamar mai zuba miya. Ya nuna mini a fara ɗumama ƙafar tukuna sannan a kawo dalmar. Ya kuma hana ni sokawa a kwamfuta sai da ya ɗora mita tsakanin wuta da ƙasa ya ji ba ta yi ƙara ba.

Kafin mu kai shi kusa da aisin mun yi gwaji ɗaya mai sauƙi. Mun haɗa TX da RX na allon da waya, muka rubuta "sannu" a Serial Monitor, ta dawo mana. Ma'ana baki da kunne duk lafiya lau.

Allon yana da aibi guda da ban iya gyarawa ba: har yanzu mutum zai iya soka shi a juye, ko ya gusa da rami ɗaya. Abin da na yi shi ne na ɗiga jan farcen yayata a gefen ƙafa ta 1, ku daidaita shi da gefen aisin da ke da ɗan tsagi. Kuma bolt 5 yake bayarwa, kada wani ya kai shi kan ESP32 mai aiki da 3.3. Duk wanda yake da dabarar hana sokawa a juye ya same mu a ɗakin gwaje-gwaje ranar Alhamis bayan tashi, zanen yana nan liƙe a ƙasan wannan takarda.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare