Kwanciya a Asibiti ko Jeka-ka-dawo: Darasi a kan Jinyar Masu Shaye-shaye

Da wuya a sami unguwa a dayosis ɗinmu wadda shaye-shaye bai taɓa wani gida a cikinta ba. A wani gida maigida ne burukutu da ogogoro suka riƙe, a wani saurayi ne ya faɗa wa tramol, a wani kuwa budurwa ce da kwalbar kodin. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, ban da giya da taba. Ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce.

Idan iyali suka yarda a nemi magani, tambayar da ke biyo baya ita ce: a kwantar da shi ne, ko ya riƙa zuwa asibiti daga gida? Sau da yawa kunya ko fushi ne ke amsa mana wannan tambaya. Mai jin kunya yana so a ɓoye maganar cikin ɗaki, mai fushi kuma yana so a kai yaron nesa domin ya huta da shi. Abin da ya kamata ya yi mana jagora shi ne halin da jikin majinyacin yake ciki, da kuma halin gidan da yake kwana.

1. Hanyoyin guda biyu

A jinyar kwanciya, mutum yana zama a asibiti dare da rana, daga 'yan kwanaki har zuwa watanni, likitoci da nas-nas suna lura da shi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri. A jinyar jeka-ka-dawo kuwa, yana kwana a gidansa, ya je a ranakun da aka sa masa domin ganin likita, karɓar magani da zaman shawara.

2. Wanda ya wajaba a kwantar

Na farko shi ne wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, har hannunsa yana rawa da safe kafin ya kurɓa. Mu lura da wannan ƙwarai, gama a nan ne iyalai masu kyakkyawar niyya suke kuskure. Jikin irin wannan mutum ya saba da giya, kuma idan aka yanke masa ita farat ɗaya, cikin awa 6 zuwa 24 zai soma rawar jiki da zufa da amai. Cikin kwana biyun farko yana iya faɗuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu wasu sukan ruɗe, su yi zazzaɓi, su riƙa ganin abin da babu. Wannan hali yana kisa idan babu likita. Saboda haka kulle mashayi a ɗaki domin giya ta sake shi ganganci ne da rai. Haka yake ga wanda ya saba da ƙwayoyin sa barci irin su baliyam da roci: a hankali likita yake rage su.

Sauran su ne wanda ya taɓa yin jijjiga, ko don yawan tramol ko a lokacin da ya gwada dainawa. Wanda yake maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ya zama haɗari ga mutanen gida. Da wanda ciwon hanta ko wata babbar cuta ta haɗu masa da shaye-shayen. Mace mai ciki kada ta yanke sha da kanta, sai ta ga likita tukuna. Akwai kuma wanda ya gwada daga gida ya kāsa sau da dama, ko wanda a gidan nasu ne ake dafa giyar ko sayar da ƙwayar.

3. Wanda jeka-ka-dawo zai ishe shi

Idan dainawa ba ta jefa jikinsa cikin haɗari, hankalinsa yana nan, shi da kansa yana so, kuma akwai babba a gida da zai raka shi asibiti ya riƙe masa magani, to wannan hanya tana da amfani ƙwarai. Kuɗinta bai kai na kwanciya ba. Manomi ba zai bar gonarsa da damina ba, ɗalibi ba zai rasa zangon karatu ba, uwa ba za ta rabu da 'ya'yanta ba. Yana kuma koyon cewa a'a a kan hanyar da yake bi kullum. Rauninta shi ne mai sayarwa yana nan a bakin layi, tsofaffin abokai kuma sun san ƙofar gidan.

Likita ne zai yanke hukunci, amma da abin da muka faɗa masa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: mu faɗi me yake sha, nawa, tun yaushe, da abin da ya faru ranar da ya gwada bari.

4. Hattara da wurin da za mu kai shi

A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wasu gidajen horo a Kaduna da Katsina, da yawansu da mari a ƙafa. Ana samun irin wannan ɗauri a wasu gidajen addu'a ma. Sarƙa da bulala ba su warkar da kowa. Kafin mu bar ɗanmu a wani wuri, mu tambaya: Akwai likita? Gwamnati ta san da wurin? Za a bar mu mu ziyarce shi? Wane shiri ake yi wa ranar sallama?

5. Bayan sallama

Hanyoyin nan biyu ba kishiyoyi ba ne. Wanda aka kwantar ma da jeka-ka-dawo zai ci gaba. Masana sun lura cewa jinyar da ba ta kai wata uku ba, amfaninta kaɗan ne, kuma mutum 40 zuwa 60 cikin 100 sukan sake komawa sha. Idan haka ta faru, a koma wurin likita da wuri, kamar yadda mai hawan jini yake yi. Mu kuma sani cewa wanda ya bar tramol ko kodin na 'yan makonni, jikinsa ba ya ɗaukar adadin dā. In ya sha kamar yadda ya saba, numfashinsa yana iya tsayawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zumuntar Mata, ƙungiyar maza da ta matasa suna iya taimakawa da kuɗin mota zuwa asibiti, da rakiya, da samar masa abin yi, da kuma kame baki daga tsegumi.

Tambayoyi domin tattaunawa

(a) Me ya sa bai kamata a kulle mashayin giya a ɗaki ba?
(b) Wane asibiti ne mafi kusa da mu da ke duba masu shaye-shaye, kuma wa zai binciko mana ranakun ganin likita?
(c) Idan wani daga cikinmu ya dawo daga jinya a wannan mako, wa zai fara zuwa gaishe shi?