Darasi na 14: Manyan Kalmomin Ingilishi

Yara, daga unguwarmu Djidjolé zuwa Aflao ba nisa. Da mutum ya ƙetare iyaka ya shiga Gana, sai ya tarar Ingilishi ake yi a makaranta da ofis. Haka ma a Nijeriya, inda iyayenmu suke zuwa fatauci. A shekarar 2022 kuma ƙasarmu Togo ta shiga ƙungiyar ƙasashen Commonwealth, masu aiki da Ingilishi. Wanda bai ji harshen nan ba, ko takardar kayansa sai ya nemi mai karanta masa.

Yara da yawa suna jin tsoron dogayen kalmomin Ingilishi. To, ku kwantar da hankalinku. Mai karatun Faransanci ya riga ya san da yawa daga cikinsu. Ga dalili.

A shekarar 1066 wani basarake mai suna Wiliyam ya taso daga Normandi, a arewacin Faransa. Ya ƙetare teku, ya ci Ingila da yaƙi, ya zama sarki. Shi da fadawansa Faransanci suke yi. Aka yi shekaru wajen 300 ana Faransanci a fada da wurin shari'a, talakawa kuwa suna Ingilishinsu a gona. A hankali kalmomin fada suka shige cikin harshen talakawa. Makiyayi yana ce wa saniya cow, amma idan namanta ya iso akushin sarki sai a ce beef, daga bœuf. Tunkiya sheep ce, namanta kuwa mutton, daga mouton. Har yau haka ake faɗi.

Shi ya sa sau da yawa Ingilishi yake da kalma biyu don abu guda, ƙarama da babba. Begin da commence duk farawa ne. Ta farko ta yau da kullum ce, ta biyun ta littafi ce. Ai kun san commencer tun kuna aji ɗaya!

Ku riƙa duban wutsiyar kalma. Inda Faransanci ya ƙare da -té, Ingilishi yakan ƙare da -ty: liberté ta zama liberty, wato 'yanci. Inda aka sa -eux, sai ku nemi -ous: dangereux ta zama dangerous, mai haɗari. Akwai kuma alamar nan mai kama da 'yar hula a kan wasali. Sau da yawa tana nuna inda harafin s ya faɗi, Ingilishi kuwa ya riƙe shi. Forêt ita ce forest, kurmi. Hôpital ita ce hospital, kuma daga gare ta Hausa ta samo asibiti.

Wasu ma rubutunsu ɗaya ne, kamar nation da courage. Faɗarsu ce ta bambanta, sai ku saurari bakin malam.

Amma a yi hattara, kama da wane ba ta wane. A Faransanci librairie kantin sayar da littattafai ne. Library kuwa ɗakin karatu ne, inda ake aro a mayar. Pain a wurinmu burodi ne, a Ingilishi ciwo ne. Kada ka je Aflao ka ce wa mai shago ya ba ka ciwo na dala ashirin!

Aiki
Ku ɗauki littafin rubutu, ku ja layi biyu, shafi ya rabu gida uku: Ingilishi, Faransanci, Hausa. Ku cika gidajen da waɗannan kalmomi: university, generous, quality, mutton.

Tambayoyi
1. Wane ne ya ci Ingila da yaƙi a 1066?
2. Daga wace kalma Hausa ta samo asibiti?
3. Ina za ka je idan kana son aron littafi a Gana?