Kafin ka saki manhajarka, ka ba 'yan kaɗan su gwada

Na taɓa gina wata manhajar rubuta bashi domin masu shaguna. A wayata tana aiki lafiya lau. Na tura wa abokaina masu harkar kwamfuta, kowa ya ce ta yi. Sai da na sa ta a wayar wani mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, Itel ce mai ƙaramin ma'aji, na ga abin da ban taɓa gani ba. Da sabis ya ɗauke a cikin layukan kasuwa, bashin da ya rubuta ya ɓace. Da ya nemi sunan Ɗanladi ya rubuta da "D" marar ƙugiya, manhajar ta ce babu shi. Ranar na yarda cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan shi ne amfanin gwajin beta: ka ba mutane ƙalilan manhajar kafin kowa ya samu. Google Play yana ba da gwajin cikin gida na mutum 100, da gwajin rufe na waɗanda ka gayyata. Idan kuma asusunka na kanka ne da aka buɗe bayan 13 ga Nuwamba 2023, sai aƙalla mutum 12 sun yi kwana 14 a jere cikin gwajin rufe kafin a ba ka damar sakin ta ga jama'a. A iPhone, TestFlight yana karɓar masu gwaji har 10,000, kowace sigar manhajar da ka ɗora tana daina aiki bayan kwana 90.

Abin da nake yawan gani a wurin matasanmu shi ne neman cika adadi kawai. Sai mutum ya shiga wani zaure a tara masa sunaye, kwana 14 su wuce babu wanda ya buɗe manhajar sau biyu. Ya cika sharaɗin Google, amma bai koyi komai ba.

Ka zaɓi masu gwaji irin waɗanda za su yi amfani da ita gobe: masu Tecno da Itel, masu lissafin data, wanda karatun boko bai yi masa nisa ba. Kada ka tambaye su "ya kuka gani?", don kunya za ta sa su yaba. Ka ba su aiki: "Alhaji, rubuta bashin yau, ka nemo na jiya." Ka buɗe musu zauren WhatsApp su turo ƙorafi da murya, ka kuma haɗa Crashlytics ya nuna maka inda take rufewa da kanta.

Ƙorafin mai gwaji a gwajin rufe kai kaɗai ke ganinsa. Tauraro ɗaya da aka ba ka bayan saki kuwa, duk mai neman manhajarka zai fara cin karo da shi.