Darasi: Lissafin Lokacin Kallon Waya

Da yayyafi kogi kan cika. Mai kallon waya ko talabijin awa 3 kullum, a mako ya ci awa 21. A shekara awa 1,095 ke nan, wato fiye da kwana 45. Cikin shekara 40 kuwa, kallo ya cinye masa shekara 5 cur.

Yawan kallo yana gajiyar da ido, yana sa ciwon wuya. Kallon dare kan hana barci da wuri, sai a makara zuwa gona.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada kallon yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa 1 a rana.

Tambaya: Mai kallon awa 6 kullum, shekara nawa zai ɓatar cikin shekara 40?