Darasin Lafiya: Kilo Nawa Za Ka Iya Ragewa, Kuma a Wata Nawa?



Makon jiya bayan an sallame, wani ɗan'uwa mai shagon kayan gyaran mota a nan Dilimi ya tare ni a bakin masallaci. Likita ya ce masa jininsa ya hau, sai ya rage jiki. Nauyinsa kilo 104 ne, yana son ya koma 80 kafin bikin 'yarsa, saura wata biyu. Har ya daina cin abincin rana, ya kuma sayi shayin rage tumbi. Na ce masa, "Alhaji, kai fa ɗan kasuwa ne. Bashin da aka shekara goma ana ci, ka taɓa ganin an biya shi a zubin adashi ɗaya?"

Lissafinsa na nufin kilo 3 duk mako. Abin da likitoci suke ba da shawara kuwa rabin kilo ne zuwa kilo 1 a mako. Wanda ya matsa wa kansa da yunwa zai ga sikeli ya sauka da wuri, amma yawancin abin da ya fita a kwanakin farko ruwa ne, har da tsoka. Da ya gaji ya koma wa tuwonsa, nauyin ya dawo, wani lokaci da ƙari.

To me ya kamata a sa a gaba? Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinka, a wata shida. Ga Alhaji, kilo 5 zuwa 10 ke nan. Ya ce ai wannan ko babbar rigarsa ba za ta sani ba. Riga ba za ta sani ba, amma jini zai sani. A wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, an ɗora mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon suga a kan rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba a ɗora a kan tsarin ba. Kashi 7 kacal!

Mu a Jos sanyi ne ke cutarmu ta wajen mai shayi. Kofi da safe, kofi da hantsi, wani bayan Isha'i, kowanne da sukari cokali uku ko huɗu, ga madara, ga burodi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 na sukari a yini, shida ma ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 50 tana iya kwashe wannan kason gaba ɗaya, kuma mun san yadda ake turo wa mai shago lemo duk baƙon da ya zo. Fara daga nan: raba sukarin shayinka biyu, lemo kuma ka mayar da shi na ranar Juma'a kawai.

Tuwo ba sai an bar shi ba. Malmala uku ta koma biyu, a ƙara miyar ganye. Kabeji da karas da koren wake ga su nan jibge a Farin Gada, gwaten acca kuma ba baƙonmu ba ne. Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki kashi uku kowa ya haddace shi. Aiki da shi a gaban faranti ne wuya. Iyayenmu mata, a rage hannu wajen zuba mai a miya, kuma a daina ɗaukar ramar maigida a matsayin abin kunyar uwargida.

Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a mako. Mutanen Kano da Sakkwato suna da uzurin zafin rana, mu ba mu da shi. Maimakon ka tare keke ko ka aiki yaron shago Terminus, taka da ƙafarka, da ɗan sauri.

Shayin rage tumbi kuwa, da yawansu maganin sa gudawa ne a ciki. Ruwan jikinka suke fitarwa, kitsen na nan inda yake. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura kada ya tsallake abinci ko ya shiga azumin Litinin da Alhamis sai ya tambayi likitansa, don sukarin jini na iya faɗuwa ƙasa warwas. Mai juna biyu kuma ba lokacin rage jiki ba ne.

A hau sikeli sau ɗaya a mako, da safe, a rubuta a bayan littafin ciniki. Wani makon ba zai motsa ba, wannan ba komai. A kuma ari tef ɗin tela a auna ƙugu daidai cibiya: abin da ake so kada ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, ƙugunsa ya zauna ƙasa da 85.

Allah Ya ƙara mana lafiya.