Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Ake Yayyanka Sabon Yadi a Sake Ɗinke Shi?

Tambaya: Ni tela ce a Zariya. 'Yar yayata da ke karatu a Amurka ta ce matar da take haya a gidanta takan sayo yadi sabo fil, ta yayyanka shi ƙanana, ta sake harhaɗawa ya zama bargo, kuma ba sayarwa take yi ba. Wai har kuɗi take biya ta je wani wuri ta kwana uku tana ɗinki da wasu mata. Don Allah mene ne wannan, kuma ina ribarsa?

Amsa: Abin da 'yarki ta gani tsohon aikin hannu ne da ya tashi daga larura ya koma abin sha'awa.

Bargon hawa uku ne. Akwai fuska, wadda ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye masu kusurwa huɗu ko uku. Akwai shimfiɗaɗɗiyar auduga a tsakiya, sai yadi guda a baya. Idan an jera su, sai a bi da ɗinki a ratsa hawa ukun gaba ɗaya don kada audugar ta dunƙule wajen wanki. A wannan ɗinki na ƙarshe ake gane gwana, domin da zaren ake zana ganye ko gashin tsuntsu a jikin bargon. In kin taɓa kallon 'yan lifida a hawan Sallah, kin riga kin ga dabarar. Lifidi ma auduga ce tsakanin yadi biyu aka bi da ɗinki, sai dai shi kibiya aka yi shi ya tare, wannan kuwa sanyi.

A ƙarni na 19 matan karkarar Amurka kan kammala fuskar bargo a gida, sannan su kira maƙwabta a ɗaure shi a katako a zauna kewaye da shi, kowace da allurarta, kamar yadda ake kiran gayya a gona. Da barguna na masana'anta suka yi araha, aikin ya ja baya. Ya farfaɗo ne bayan 1971, lokacin da gidan tarihi na Whitney da ke New York ya rataye tsofaffin barguna a bango kamar zanen manyan masu fasaha. A 1979 kuma kamfanin Olfa na Japan ya fito da wuƙa mai zagayayyen kaifi da ake gungurawa a kan yadi, wadda ke yanka ninki da yawa a lokaci guda, daidai wa daida. Aikin almakashi na yini guda ya koma na sa'a ɗaya ko biyu.

Game da riba, gaskiya in an lissafa kuɗin yadi da auduga da watannin da aka ɓatar, bargon kanti ya fi araha nesa ba kusa ba. Yawancin masu yi ba kasuwa suke nufi ba. Suna ɗinka wa jika sabuwar haihuwa, ko amarya, ko maras lafiya. Akwai ƙungiyar Project Linus, da aka kafa a 1995, wadda ke tattara irin waɗannan barguna tana raba wa yara marasa lafiya kyauta. Masu samun kuɗi a harkar su ne masu shagunan yadi, da malaman koyarwa, da masu dogon keken ɗinki da ake kai wa fuskar bargo su yi mata ɗinkin ƙarshe a biya su.

Sai baje koli. Mafi shahara shi ne na birnin Houston a jihar Texas, wanda Karey Bresenhan ta assasa a tsakiyar shekarun 1970, dubban mutane na zuwa daga ƙasashe da dama. Ƙaramin garin Paducah a jihar Kentucky yana da nasa a watan Afrilu, da gidan tarihin barguna da aka buɗe a 1991. A Ingila kuwa ana yi a Birmingham tun 2003. A zauren, barguna na rataye layi-layi, kuma ba a taɓa su da hannu saboda maiƙon fata. Akwai masu aikin sa kai sanye da farin safar hannu. In kina son ganin baya, sai ɗaya ta ɗaga miki gefen. Masu sanin aikin ba sa wuce bayan nan, don a can ne kowane ɗinki yake bayyana, ba launin da zai ɓoye shi. Alƙalai na duba ko kusurwoyi sun haɗu ba tare da bakin ɗaya ya nutse ba, ko tsawon ɗinki bai ɗaya ne, ko bargon ya rataya a miƙe.

Amma kada wannan ya sa ki ɗauka sai da kayan tsada ake yin abin kirki. A Gee's Bend, wani ƙauye a jihar Alabama, mata baƙar fata jikokin bayi sun daɗe suna haɗa barguna da tsofaffin wandunan aikin gona da buhuna, ba tare da bin wani zane ba. A 2002 aka baje aikinsu a gidan tarihi a Houston, daga nan New York, a 2006 kuma hotunan bargunansu suka hau kan sarkin wasiƙa na Amurka. A ganina, har yau kaɗan ne cikin barguna masu cin kyauta suka kai waɗannan rai.

Kwana ukun da kika tambaya a kai, ni a wurina su ne zuciyar al'amarin. Mace ta ɗauki kekenta da yadinta da aikin da ta fara ta kasa gamawa, ta tafi wani masauki da aka tanada. Kowace da teburinta, ga dutsen guga a gefe, ga bango an lulluɓe shi da yadi mai gashi-gashi wanda ƙyalle ke mannewa ba tare da fil ba, don a jera a koma baya a duba ko launuka sun dace. Wani ke dafa abinci. Wani lokaci akwai malama mai koyar da salo guda, wani lokaci kowa aikinta take yi, ta makale ta tambayi ta kusa. Macen da ta shekara tana satar rabin sa'a tsakanin girki da reno, ko wadda mijinta ya rasu 'ya'ya suka watse, abin da take biya wa kuɗi shi ne lokaci da abokan zama.

Ke kuwa, Malama, kina da abin da su suke saya: ragowar atamfa da shadda a ƙarƙashin teburinki. Ki ware na auduga zalla, ki wanke su tukuna saboda zubar launi, ki goge. Ki yanka murabba'i tara, kowane inci huɗu da rabi, biyar masu duhu huɗu masu haske. Ki jera uku-uku kina sassaɓawa, ki ɗinka da bakin kwata na inci, kada ya ƙaru ko ya ragu. Irin wannan guda tara sun ba ki bargon jariri na yadi ɗaya. In babu shimfiɗaɗɗiyar auduga, tsohon bargo maras kauri ya wadatar. Ki kira abokan sana'arki biyu ko uku ranar da ba aiki, ku gwada tare.