Wane Injin Yankan Makulli Zan Fara Saya?

Tambaya: Na gama koyon gyaran kwaɗo, ina shirin buɗe rumfa. Wane inji zan fara saya?

Amsa: Allah ya sa albarka, ƙanena. Fara da injin hannu mai kwafar makullan gida da na kwaɗo, domin su za a fi kawo maka kullum. Na makullan motocin zamani ka bar shi tukuna: yawancinsu na ɗauke da ƙwayar lantarki, sai an haɗa su da kwamfutar motar, wannan kuma wani jarin ne daban.

Injinan Silca da Keyline na Italiya suna da ƙarko, amma da tsada. Wenxing na Sin ya fi sauƙin kuɗi, kuma zai ishe ka farawa. Kafin ka biya, tabbatar ana samun haƙorin yankansa a kasuwar garinku, don shi ne ke cinyewa. Duba wutarsa ma: na Amurka kan zo da bolt 110, tamu kuwa 230 ce.

In wanda aka yi amfani da shi ne, kada ka saya sai ka gwada. Ɗaura ɗanyen makulli iri ɗaya a matsai biyu na injin da ke riƙe makulli, ka kunna. Da ɗan jagoran da ke bin shatar makulli ya taɓa nasa, haƙorin ya shafi ɗayan kaɗan kawai. In ya ci da yawa, saitin ya goce, makullanka ba za su buɗe ba. Girgiza matsan, masu rawa ba su da amfani.

Sayi tabarau tare da injin, saboda tartsatsin ƙarfe. Wanda kuma ya kawo maka shatar makulli a jikin sabulu, kada ka yanka masa.